Ƙwan Ƙyanƙyasa: Ɗaukarsa, Ajiyarsa Da Tafiya Da Shi

Jawabin malamin gona ga masu kiwon kaji da zabi na Samaru da Sabon Gari, Zariya

Na san akwai wanda ya baro aiki a gona, akwai wadda ta baro tukunya a wuta, saboda haka ba zan tsare ku da yawa ba. Maganarmu ta yau a kan ƙwai take, amma ba wanda mai shayi ke soyawa ba. Ƙwan da muke so ya zama ɗan tsako, shi ne abin da ya tara mu.

Ba a yin wata guda wani bai zo mini da kuka iri ɗaya ba. Sai ya ce, "Malam, na sa wa kaza ƙwai goma sha biyu, uku kaɗai ta fitar, saura duk baragurbi." Wani kuma ya ce injinsa ne ba shi da kyau. Wani ya ce mai ƙwan ne ya cuce shi. To, wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa in ka bi diddigi, sai ka tarar tun kafin ƙwan nan ya shiga ƙarƙashin kaza ya riga ya mutu. A hannu ya mutu, ko a ɗaki, ko a bisa hanya.

Ni kaina abin ya taɓa cina. Farkon kama aikina, cikin watan Afrilu, na sayo kiret biyu na ƙwan ƙyanƙyasa, watau ƙwai 60, a wata gona da ke kan hanyar Jos. Na ɗaure su tamau da roba a kariyar babur. Da na iso kasuwar Sabon Gari sai na tsaya cefane, na bar babur a rana kusan awa biyu. Daga nan na kamo hanya ta Kwangila har Samaru, ina sauri don kada azahar ta wuce ni. Ina isa gida na zuba su a inji. Ko ɗaya bai fashe ba, har ina yabon kaina. Ranar kwana 21, 'yan tsaki 19 na samu. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu kuwa, a gonar nan ta karɓo nata guda goma sha biyu da sassafe, ta jera su cikin ƙwarya da ƙaiƙayi, ta rungumo abinta a mota. Kazarta ta fitar mata da goma. Ƙwai ɗaya, zakaru ɗaya, amma riƙo ya bambanta. Tun ran nan na daina zagin inji.

ABIN DA KE CIKIN ƘWAI

Kafin mu san yadda za mu riƙe shi, ya kamata mu san abin da muke riƙewa. Ƙwai yakan ɗauki kamar awa 25 yana haɗuwa a cikin kaza. In zakara ya bi ta, to tun ƙwan yana cikinta ɗan ya fara ginuwa. In kun fasa ɗanyen ƙwai a faranti za ku ga wani ɗan farin ɗigo a bisa gwaiduwa, bai kai ƙwayar gero uku ba. Wannan ɗigon shi ne ɗan tsakon. Da kaza ta saka ƙwan ya huce, sai ginin ya tsaya, ɗan ya yi kamar barci, yana jiran ɗumin kwanci. Watau ƙwan ƙyanƙyasa abu ne mai rai. Wanda ya riƙe wannan magana, ya riƙe rabin jawabina.

Sa'an nan akwai abu huɗu da Allah ya tsare ɗan nan da su. Na ɗaya, wasu igiyoyi biyu farare, murɗaɗɗu, ɗaya a kowane gefe na gwaiduwa, su ke riƙe ta a tsakiya don kada ta manne da ɓawo. Na biyu, tantani biyu a ƙarƙashin ɓawo. A wajen ƙaton kan ƙwai, tantanin nan biyu sun rabu sun bar ɗan fili mai iska. Wannan shi muke kira ɗakin iska, kuma nan ne ɗan tsako ke fara sa baki ya shaƙi iska wajen kwana 19 zuwa 20, kafin ya huda ɓawo. Na uku, ɓawon kansa, wanda ke da ƙananan ƙofofi dubbai da ido ba ya gani, ta nan iska ke shiga, ruwa ke fita a hankali. Na huɗu, wani ɗan shafe da kaza ke yi wa ɓawon a lokacin da take saka shi. Yakan bushe nan da nan, ya toshe ƙofofin nan daga ƙwayoyin cuta.

To, girgiza tana tsinka igiyoyin nan, tana ɓamɓare ɗakin iska daga mazauninsa. Zafi yana tada ɗan daga barci ba lokacinsa ba. Wanki yana goge shafen. Tsagewa tana buɗe wa cuta ƙofa. Duk abin da zan faɗa nan gaba, a kan waɗannan huɗun yake tafiya.

TUN DAGA GURBI

A tanadar wa kaji gurbi mai tsabta a cikin inuwa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ko buntun shinkafa, a riƙa canzawa in ya ƙazanta. Kazar da ba ta da gurbi, a ƙasa za ta saka, cikin kashi da laima, irin wannan ƙwai kuwa shi ke ruɓewa ya fashe a ƙarƙashin kaza, ya ɓata 'yan'uwansa.

A riƙa kwashe ƙwai aƙalla sau uku a yini, da bazara ma sau huɗu. Ƙwan da ya yini a gurbi, wannan kaza ta hau ta ɗumama shi, ta sauka ya huce, wata ta hau, to ana tada ɗan ana kwantar da shi ke nan, har ya gaji. A wanke hannu a bushe shi kafin a taɓa. Hannu mai maiƙo, ko mai kananzir, ko wanda aka taɓa maganin feshi da shi, bai dace da ƙwai ba. A rubuta ranar da aka saka kowane ƙwai da fensir a jikinsa, don mutum ba ya iya riƙe kwanakin ƙwai ashirin a ka.

Ba kowane ƙwai ake sa wa kaza ba. A ware ƙato ƙwarai, don sau da yawa gwaiduwa biyu gare shi, ba ya ƙyanƙyashewa. A ware ƙarami ƙwarai, da dogo siriri, da kewayayye kamar lemo, da mai ɓawo sakayau ko mai kaushi kamar yashi, da mai tsaga ko yaya take. Waɗannan a ci ko a sayar. Matsakaici mai santsi, shi ne na kwanci.

Yanzu ga al'adu uku da nake roƙonku ku bari. Ta farko, girgiza ƙwai a kunne don a ji ko mai kyau ne. Ƙwan ci, babu laifi. Ƙwan ƙyanƙyasa kuwa, garin gwaji ake kashe shi. Ta biyu, tsoma ƙwai a ruwa don a ga wanda zai taso. Ta uku, wanke mai datti da ruwan randa. In ruwa ya fi ƙwai sanyi, abin da ke cikin ƙwan yakan tsuke, sai ya zuƙo ruwan dattin ta ƙofofin nan zuwa ciki. Ka ga garin gyaran gira an rasa ido. In dattin kaɗan ne, a kankare shi a hankali da busasshen tsumma ko bayan wuƙa. In ya yi yawa, a kai shi madafa.

Kada kuma a manta da zakara. Zakara ɗaya lafiyayye ya ishi kaji takwas zuwa goma. Ƙwan da ake jibgewa kiret-kiret a kasuwar Sabon Gari, yawancinsa daga gidajen gona yake inda ake tsare kajin ƙwai ba tare da zakara ba. Wannan ko shekara kaza ta yi a kansa ba abin da zai fito.

AJIYA KAFIN KWANCI

Nan ne ƙasarmu ke ba mu wahala. Masana kiwon kaji sun tabbatar cewa ajiyar ƙwan ƙyanƙyasa ta fi kyau a sanyin digiri 15 zuwa 18 na ma'aunin Salshiyas, da 'yar laima a iska. In zafi ya haura kamar digiri 24, ɗan yakan fara motsi, amma ba motsin kirki ba, tun da zafin bai kai na kwanci ba, wanda yake digiri 37 da rabi zuwa 38. Sai wani sashe ya girma wani ya tsaya, ƙarshenta ya mutu. A nan Zariya kuwa, cikin Maris da Afrilu, zafin rana yakan kusa digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ma ya fi haka. Da hunturu, Disamba da Janairu, sanyin ya yi daidai, amma iskar busasshiya ce, tana shanye ruwan ƙwai, ɗakin iska ya faɗaɗa tun ba a fara kwanci ba.

Saboda haka dabara ta farko ita ce rage kwanaki. Ko a wuri mai sanyi, ƙwai in ya wuce kwana bakwai ƙarfinsa yakan riƙa raguwa kowace rana, in ya kai mako biyu kuwa hasarar ta fito fili. Da bazara kada a bari ya wuce kwana uku ko huɗu. Mai kaza ɗaya ko biyu ba zai tara goma cikin kwana huɗu ba, na sani. To, a haɗa kai da maƙwabta. Gida uku su tara na kwana uku a sa wa kazar da ta fara kwanci, in an ƙyanƙyashe a raba.

Dabara ta biyu, wurin ajiya. Ɗakin ƙasa ya fi na kwano. A nemi lungun da ya fi sanyi, kusa da randa, nesa da murhu, nesa da taga. Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya, wadda wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen buhun algarara. Ruwan yana bushewa, cikin tukunya yana yin sanyi. Da rani ta fi aiki, da damina ba ta yi sosai, don iska ta riga ta ƙoshi da laima. Amma a lura, ruwa kada ya taɓa ƙwan kansa. A shimfiɗa busasshen ƙaiƙayi a ciki, a ɗora 'yan sanduna a bakin tukunya don buhun kada ya ɗiga.

Masu firiji kuma, kada ku sa. Sanyin firijin gida wajen digiri 4 yake, ya yi wa ɗan yawa. Ga shi in wuta ta ɗauke, ƙwan ya yi gumi, gumin nan kuwa daidai yake da wanki.

Dabara ta uku, yadda ake jera shi. Tsinin ƙwai ƙasa, ƙaton kai sama, kullum. Ta haka ɗakin iska ke zama a mazauninsa. In ajiya za ta wuce kwana huɗu ko biyar, a tokare gefe ɗaya na kiret da ɗan bulo ko itace, gobe a mai da tokarin ɗaya gefen, don gwaiduwa kada ta kwanta wuri ɗaya ta manne.

A BISA HANYA

Da ƙwai da dutse ba su gama hanya, haka Hausawa suka ce. Amma ba dutse kaɗai ke kashe ƙwai ba. Abokan gabansa a hanya uku ne: girgiza, da rana, da daɗewa.

Mu fara da shiryawa. Kiret na kwali ya fi na roba, don yana shanye girgiza, kuma ba ya ɗaukar zafi da sauri. Amma ya zama sabo, ko aƙalla busasshe mai tsabta. A jera ƙwai tsini ƙasa, a kifa wani kiret marar komai a sama, a ɗaure su tare da igiya yadda ba za su yi motsi ba, amma ba matsewar da za ta tsaga ɓawo ba. A sa su cikin kwali, a shimfiɗa ƙaiƙayi ko buntu ko tsofaffin tufafi kaurin yatsa huɗu a ƙasa, a cusa a gefe-gefe. A huda kwalin wuri biyu ko uku don iska. Kada a ƙulle ƙwai cikin leda.

Ƙwan kajin gida da na zabi ƙanana ne, ba su cika ramin kiret, sai su yi ta rawa a ciki. A cusa ɗan ƙaiƙayi ko takarda a kowane rami har ƙwan ya zauna daram. In babu kiret, hanyar iyayenmu ta isa: ƙwarya ko kwando, a zuba ƙaiƙayi, a kafa ƙwai ɗaya-ɗaya kada su taɓa juna, a rufe da wani ƙaiƙayin, sa'an nan a yi wani jerin. Kada a wuce jeri biyu. Gwajin shiri mai kyau shi ne, in ka ɗaga kayan ka ɗan karkata su, ba za ka ji ƙwas-ƙwas ba.

Sai abin hawa. Kariyar babur ita ce mafi muni, don tana bisa ƙafar baya, duk ramin da aka faɗa a kanta yake ƙarewa, ga kuma karkarwar inji da ba ta tsayawa. Wannan karkarwar ba ta fasa ɓawo, amma tana aikinta a ciki. In babu makawa sai babur, to a samu mutum biyu, ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya rungumi kayan a cinya. Jikin mutum ya fi kowace katifa tare girgiza. In a-daidaita-sahu ne ko motar haya, kada a yarda yaron mota ya jefa kwalin a but ko ya ɗora bisa rufi, ko a ajiye shi a ƙasa kusa da inji inda ƙarfe ke zafi. A riƙe a cinya. In kayan da yawa, gara a biya kuɗin kujera guda. Kuɗin kujera bai kai hasarar kiret ɗaya ba.

A gaya wa direba abin da aka ɗauko. Daga Samaru zuwa Sabon Gari tafiya ce 'yar kaɗan, ba ta kai awa guda ba, amma ku tuna yawan tuddan rage gudu da ake hawa, da cunkoson Kwangila, da birkin da ake ci ba shiri. Masu fitowa daga ƙauyuka kamar Bomo, Milgoma, Basawa da Hunƙuyi kuwa, in akwai hanyar ƙasa kafin a hau kwalta, to gargadar nan ta farko ita ce mai ɓarna, musamman da damina. Sannu ba ta hana zuwa.

Lokacin tafiya shi ne bayan asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar sakaliya. Motar da aka rufe aka bari a rana, cikinta yakan fi waje zafi nesa ba kusa ba, har ya wuce abin da ɗan tsako ke iya jurewa. Zafin da ya haura digiri 40 in ya daɗe yana kashe shi. Saboda haka ƙwai shi ne sayayyar ƙarshe. A gama cefane, a gama gaishe-gaishe, sa'an nan a karɓi ƙwai a miƙe gida. Kuskurena ke nan da na ba ku labari.

Masu aiko da ƙwai daga nesa, kamar Jos ko Kano ko Ibadan, ku yi tambaya uku kafin ku biya: yaushe aka saka shi, a cikin me za a shirya shi, kuma wace mota za ta ɗauko. Kwanakin hanya da na jira a tasha duk cikin kwana bakwai ɗin nan ake lissafa su. In tafiyar ta yi nisa ƙwarai, sau da yawa sayen 'yan tsaki masu kwana ɗaya ya fi sayen ƙwai riba, don ɗan tsako yana fitowa da ragowar gwaiduwa a cikinsa, wadda ke riƙe shi kamar kwana biyu zuwa uku.

IN AN ISO GIDA

Kada a sauke ƙwai daga mota a zuba wa kaza ko inji nan take. A kwance kayan a wuri mai inuwa, a bar ƙwan a tsaye, tsini ƙasa, ya huta awa 12 zuwa 24, don abin da ke ciki ya natsa. In daga wuri mai sanyi aka fito da shi, a bar shi ya ɗauki ɗumin ɗaki a hankali, kada ya yi gumi.

Da dare a haska kowane ɗaya. A naɗe takarda kamar bututu a bakin tocila, ko fitilar waya, a ɗora ƙaton kan ƙwai a kai cikin duhu. Za a ga tsagar da ido bai gani ba da rana, kamar silin gashi. Za a ga ɗakin iska. In yana zaune wuri ɗaya, madalla. In yana yawo duk inda aka juya ƙwan, ko ya zama kumfa-kumfa, to hanya ta taɓa shi, da wuya ya yi. A ware shi a ci tun yana da amfani.

Kazar gida matsakaiciya, ƙwai goma zuwa goma sha biyu ya ishe ta. In aka cika mata, na gefe ya yi sanyi, gobe ta juya shi ciki ta fitar da wani, a ƙarshe duka su sami rabonsu na sanyi. A sa mata duka rana ɗaya, da dare. Ga kwanakin kwanci: kaza 21, zabi 26 zuwa 28, talotalo 28, agwagwar gida mai jan fuska 35. Wanda zai haɗa ƙwan zabi da na kaza a ƙarƙashin kaza ɗaya, ya fara sa na zabi, bayan mako guda ya ƙara na kaza, don su fito tare. In ba haka ba, da nata sun fito za ta tashi ta bar saura.

Game da zabi, kun san da damina suke saka ƙwai, lokacin ne yake cika kasuwa. Amma ƙwan zabin kasuwa, wani a daji aka tsinto gurbinsa, ba a san kwanansa ba, ya sha rana ya sha ruwan sama, ya bi hannu biyar. Ɓawonsa mai kauri ne, ba ya saurin fashewa, shi ya sa ake yi masa riƙon sakainar kashi, alhali na ciki ba shi da wannan ƙarfin. In don ƙyanƙyasa ne, a je gidan mai zabin a yi magana da shi tun da wuri, ya tara maka na kwana uku ko huɗu. Ko ya ɗan fi tsada, araha ba ta ado.

YADDA ZA A GANE INDA LAIFI YAKE

A sake haskawa ranar kwana bakwai zuwa goma na kwanci. Mai rai za a ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. Wanda yake garau kamar sabo, ko dai babu zakara, ko kuwa ya mutu tun kafin kwanci. Wanda aka ga jan zobe ya kewaye cikinsa, ya fara girma ya mutu a kwanakin farko. In irin wannan ya yi yawa, a tuhumi ajiya da hanya kafin a tuhumi kaza. A fitar da su duka don kada su ruɓe.

Bayan an gama ƙyanƙyasa, kada a zubar da baragurbi haka kawai. A kai bayan gida, a fasa ɗaya-ɗaya a duba, sa'an nan a binne, a wanke hannu da sabulu. In ɗan ya cika har da gashi amma ya kasa fitowa, to a duba laimar inji da zafinsa da juyi, ko ɗaukewar wuta. In an tarar kansa yana wajen tsini, sau da yawa an jera ƙwan a kife ne. In ƙwan ya yi baƙi yana wari, datti ne ko wanki ko tsaga. Mai littafi da fensir, da yake rubuta inda ya sayo, da ranar, da abin hawa, da yawan da ya fito, kafin kwanci uku zai san ta inda yake yoyo.

Ku yi lissafi da kanku. A ce mutum biyu kowa ya sayi kiret guda, ƙwai 30, kuɗi ɗaya. Na farko ya kula, ya sami 'yan tsaki 24. Na biyu ya yi sakaci, ya sami 12. Kowane ɗan tsako na mutum na biyu ya tsaya masa ninki biyu, ga mako uku na kaza ko na man janareta sun tafi. Kuma wanda ke shirin kajin salla, in mako ukun nan suka kuɓuce masa, kasuwa ba za ta jira shi ba.

KIRET MA YANA ƊAUKO CUTA

Akwai wata magana da ba zan rufe ba sai na faɗe ta. Tsohon kiret da ya zaga gidajen gona da kasuwanni yana iya ɗauko cuta a jikinsa. Manyanmu za su tuna, cikin watan Fabrairu na 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijeriya, a wata gona da ke Jaji, nan tsakaninmu da Kaduna, kaji masu ɗimbin yawa suka salwanta. Irin wannan cuta, da ta Niyukasil mai share kajin gida da hunturu, suna bin kashin kaji da ke manne a kiret, da takalma, da tayar mota. Kiret na kwali da ya fito daga kasuwa kada ya shiga akurki, a ƙone shi. Na roba a wanke da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanya a rana. Akwai kuma cutar farin zawo ta 'yan tsaki, wadda ke bi ta cikin ƙwan kansa daga uwa zuwa ɗa. Don haka kada a sayi ƙwan ƙyanƙyasa daga garken da ake mace-mace, ko kyauta aka ba ka.

Mu mutanen Zariya ba mu da uzurin rashin wurin tambaya. Ga Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa, NAPRI, a Shika kan hanyar Funtuwa, wadda ta faro tun 1928 a matsayin gonar kiwo, kuma ita ta fitar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown a shekarar 2000. Ga ofishin yaɗa dabarun noma na NAERLS nan Samaru, ga likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Mai tambaya ba ya ɓata.

A TAƘAICE

1. A kwashe ƙwai sau uku ko huɗu a yini, da busasshen hannu, a rubuta rana da fensir.
2. Kada a girgiza, kada a tsoma a ruwa, kada a wanke.
3. A ajiye a wuri mai sanyi, tsini ƙasa. Kwana bakwai iyaka, da bazara uku ko huɗu.
4. A shirya da ƙaiƙayi ko buntu yadda ba zai yi motsi ba.
5. A riƙe a cinya, a yi tafiya da sassafe ko da yamma, kada a tsaya a hanya.
6. A bar shi ya huta awa 12 zuwa 24, a haska, sa'an nan a sa.
7. A fasa baragurbi a duba, a rubuta abin da aka gani.

Duk cikin bakwai ɗin nan babu wanda ke bukatar kuɗi mai yawa. Ƙaiƙayi yana masussuka, tukunya tana gida, fensir yana jakar ɗan makaranta. Wanda zai sa wa kazarsa ƙwai a wannan mako, ya gwada, in mun sake haɗuwa ya gaya mana nawa ta fitar. Yanzu wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da iyayenmu mata, tun da su ne masu kajin. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mana shi daga cuta da shirwa.